Kwafin Sashen Ƙasa

Yammacin da abin ya fara bai bambanta da sauran ba a gidan Ustaz Sabri Gharib. Ya dawo daga ofis, ya rataye kwat ɗinsa a ƙusarta, ya zura jallabiya, ya fita baranda da kofin shayi bayan la'asar. Rana tana gangarawa bayan itatuwan dabinon da ke bakin magudanar ruwa, manoma suna kora shanunsu gida a hankali. A madafa matarsa Sitti Nazira tana daddatsa lalo, wuƙa tana zuwa tana dawowa a kan katako. 'Yarsu Suhair, wadda ita kaɗai Allah Ya bar musu, tana zaune a ƙasa cikin littattafanta, domin shekararta ta ƙarshe ke nan a makarantar horar da malamai.

Ladan bai gama kabbarar magariba ba, dutse ya faɗo a kan tiren shayin.

Ba daga titi ya zo ba. Daga sama ya sauko a miƙe, kamar an sako shi da yatsu biyu, alhali gidan Sabri ne hawa na ƙarshe a benen, babu komai a samansa sai igiyar shanya da sararin Allah. Ya ɗauka ya juya shi. Guntun tubali ne da danshi ya cinye, da ragowar farar ƙasa a gefe guda. Bai san lokacin da ya kai shi hanci ba. Warin tsohuwar takarda ne da fumfuna, warin da ya sani kamar yunwar cikinsa. Da Sitti Nazira ta leƙo tana tambaya, sai ya ce mata yaran unguwa ne marasa kwaɓa, ya jefa dutsen a aljihu. Amma shayin nan bai ƙarasa shi ba.

Washegari da magariba duwatsun suka ƙaru. Suna faɗowa a ɗakin da aka rufe tagoginsa, suna faɗowa cikin tukunyar miya da murfinta a kai. Ko ɗaya bai taɓa samun mutum ba, kullum daf da ɗan yatsan ƙafa yake sauka. Wannan ne ya fi tayar wa Sabri da hankali, don ya gane mai jifan ba kuskure yake yi ba, lissafi yake yi. Daga baya sauti ya biyo. Da zarar duhu ya fara shiga ɗakuna sai a ji tafireta tana bugawa a cikin bango, a nitse, har da 'yar ƙararrawar da ke kaɗawa in layi ya ƙare. Babu tafireta a gidan. Maƙwabcinsu na ƙasa, wani mai sayar da yadi, ya tare Sabri a matakala yana dariya, ya ce in gwamnati ta fara biyan aikin dare to a samo masa gurbi shi ma. Sabri ya yi yaƙe ya wuce. Bayan kwana kaɗan mutumin ya daina zolaya, ya koma sauke kai in sun haɗu, matarsa kuma ta hana 'ya'yanta hawa sama.

Sabri ya san inda tubalin nan ya fito, amma bai gaya wa kowa ba.

Shi ne babban akawu a ofishin kula da magudanan ruwa na garin, wani tsohon gini mai kaurin bango. Tun yana saurayi yake cikinsa, kuma duk ofishin babu wanda ya kai shi iya rubuta muzakkira, takardar nan ta cikin gida da ake zagayawa da ita tebur-tebur. A ofishin nan ba a matsar da kujera sai da muzakkira. In za a yi fenti, in an sauya lokacin tashi, in za a yanke ruwa, sai Sabri ya rubuta: daga wane zuwa ga wane, ga kwanan wata, ga batu, ga bayani a layi kaɗan. Sannan masinja ya zaga da ita, kowa ya karanta, ya rubuta "na gani" a gaban sunansa, ya sa hannu. Sabri yakan gaya wa sababbin akawuna cewa amfaninta guda ne, kada wani ya wayi gari ya tarar da abu a kansa ya ce ba a faɗa masa ba.

A ƙasan kowace muzakkira akwai jerin waɗanda za a ba kwafi, kuma layin ƙarshe, tun zamanin da ba wanda ya tuna, shi ne Sashen Ƙasa. Babu wani sashe mai wannan suna a tsarin gwamnati. Ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli ne da ke ƙarƙashin ginin, inda babu ma'aikaci ko ɗaya. Kwafin ƙarshe, wanda kabon ya riga ya dushe a kansa, shi ake gangarawa da shi, a ce "dastur" don neman izini, a tura ta ƙarƙashin ƙofa. Da safe ba a samunsa. Ba a magana a kan wannan. Ana dai lura cewa ɓera bai taɓa cin fayil a ɗakin ba, kuma shekarar da ruwa ya shiga rabin gari, takardun ƙasa a bushe aka same su. Sabri da kansa ya sha gangarawa da kwafin nan lokacin da yake ƙaramin akawu.

Sai aka turo sabon mudir, wato shugaban ofis, daga Alƙahira, Doktor Ra'uf, matashi mai tabarau da ya yi karatu a ƙasashen waje. A makonsa na farko ya ɗora yatsa a layin ƙarshe ya tambayi wane ne shugaban wannan sashe. Da aka yi masa bayani sai ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido, ya dubi Sabri a gaban yaran akawuna ya ce ashe a nan har aljanu ma'aikatan gwamnati ne, kuma babban akawu ne mai kula da wasiƙunsu. Sabri mutum ne da ya yi rayuwarsa yana tattalin a ce masa mai ilimi. Kunyar nan ta bi shi har gida. Kafin mako ya zagayo, ba tare da an umarce shi ba, ya rubuta muzakkira cewa an soke kwafin ƙarshe domin ɓarnar takarda ne da camfi. Mudir ya yaba masa.

Bayan wata guda aka yanke shawarar kwashe fayilolin ƙasa a mayar da ɗakin wurin ajiye injinan ban ruwa. Sabri ya rubuta sanarwar da kyakkyawan tsari, kowa ya gani ya sa hannu, ba a gangara da komai ba. Ranar aikin lebura suka fasa bangon ciki, suka kwashe takardu, suka tafasa ruwa a garewani suka haɗa da maganin ƙwari, suka sheƙa shi a kowane lungu da kowace tsaga. Sabri yana tsaye a kan matakala yana duba aiki. Ya ji wani abu a lokacin, wata siririyar ƙara daga cikin bango, ya ce wa kansa tururi ne.

Wannan shi ne abin da yake haɗiyewa duk magariba, yana kallon matarsa tana tsince duwatsu tana salati.

Sannan abin ya koma kan Suhair. Da farko shiru ne. Yarinyar da ke cika gida da surutu ta koma zama a gindin bango, ta jingina kunnenta, kamar mai sauraron hirar maƙwabta. Ta ce wa uwarta akwai wata yarinya da ke kuka a ciki, kukan wanda ya gaji da kuka. Wata magariba suna shirin cin abinci, sai Sabri ya lura tafiretar bango ta yi shiru. Ya juya. Suhair tana zaune a miƙe, idanunta a buɗe ba sa ƙiftawa, yatsunta goma suna bugun tebur, in ta kai ƙarshen layi sai hannunta na hagu ya ture wani abu da babu shi. Ita da ba ta taɓa koyon bugu ba.

Da safe ƙuna ta fito mata a hannu, daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, ta yi bororo kamar an zuba mata tafasasshen ruwa. Ba ta kusanci wuta ba. Likita ya zo ya shafa magani ya ɗaure, ya ce a kula da ita kusa da risho. Washegari ƙunar ta haura kafaɗa a ƙarƙashin ɗaurin da ba a kwance ba. Kowace safiya tana ƙara matsowa wajen wuya. Yarinyar ta daina cin abinci, ta rame har ƙasusuwan wuyanta suka fito, in an kira sunanta sai ta dubi mutum kamar baƙo.

Sitti Nazira mace ce mai haƙuri, amma ba makauniya ba ce. Ta ga yadda mijinta yake kauce wa idonta, ta kuma sami guntun tubalin a aljihunsa. Ta ajiye shi a gabansa, ta ce: "Baban Suhair, ruwa ba ya tsami banza. Ban tambaye ka abin da ka yi ba. Amma in yarinyar nan ta mutu da maganar a cikinka, ni da kai sai a gaban Allah." Ba ta jira amsa ba, ta yafa mayafi ta hau jirgin ƙasa zuwa Tanta. Da la'asar ta dawo da Shaihu Abdul-Bari.

Tsoho ne ɗan firit, ya yi shekaru yana karantar da fiƙihu kafin idanunsa su yi rauni. Bai zo da turare ko ganga ba, lema kawai ya riƙe yana dogarawa. Ya hau matakala yana hutawa, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, ya ɗan jira, ya sake yin wata sallamar da murya ƙasa-ƙasa wajen bango. Ya nemi ruwa a tulu, ya zauna a tabarma nesa kaɗan da Suhair, ya sa uwarta ta riƙe ta. Ya tambayi Sabri ko akwai wanda ya zalunta. Sabri ya ce shi bai taɓa cin haƙƙin ɗan Adam ba. Shaihun ya ɗan juyo da fuskarsa wajensa, ya ce ba haka ya tambaya ba, sannan ya fara karatu.

Ya daɗe yana karatu. Hasken taga ya yi ja, ya koma toka-toka. Titi ya yi tsit kamar an kwashe mutanen garin. Babu wanda ya tashi kunna fitila. Sanyi ya taso daga ƙasa, da warin nan na takarda da fumfuna, har Sitti Nazira ta fara tari. Suhair ta sunkuyar da kai, gashinta ya rufe fuskarta. Can sai ta gyara zama, ta haɗa yatsu a kan gwiwa irin zaman tsofaffin ma'aikata, ta yi gyaran murya. Muryar da ta fito ta namiji ce, busasshiya, mai ladabi.

"Ya isa, Maulana. Karatunka yana ƙona ni, kuma ƙuna ta ishe mu a gidanmu. Barka da yamma, Ustaz Sabri."

Sabri ya zauna a inda yake. Da a ce ihu aka yi masa ko zagi, da ya fi masa sauƙi. Gaisuwar abokin aiki ce, irin wadda ake yi a matakala.

Shaihun ya tambayi mai muryar sunansa da addininsa da abin da ya kawo shi jikin 'yar mutane. Ya ce sunansa ba zai amfani kowa ba, a ofis Sashen Ƙasa ake ce musu, kuma ya yarda da Wanda Shaihun ya yarda da Shi. Ya ce suna wurin tun kafin a aza tubalin farko. Da aka yi gini a kansu ba su yi faɗa ba, domin akawun farko mutum ne mai kunya, shi ya fara turo musu takarda. In za a yi fenti sukan kwashe yaransu su koma bakin ruwa. In za a yi feshi sukan toshe tsagoginsu. Su kuma suka riƙe wa na sama takardunsu, ba ɓera, ba gara, ba ruwa. Ya ce ya san Sabri tun ranar da ya ɓarar da tawada a fayil ɗin farko da aka ba shi, ya ɓoye a ƙasa yana kuka, kuma su ne suka shanye tawadar kafin safiya.

"Da aka daina turo mana, muka ce ko kabon ne ya ƙare. Muka jira. Maƙwabci ba ya saurin zargi. Ranar nan 'yata tana barci a tsagar bango, Ustaz. Layi biyu kawai za ka rubuta, da na ɗauke ta."

Sabri ya buɗe baki zai ce umarnin mudir ne, sai ya tarar maganar ta ƙi fitowa, domin ba gaskiya ba ce, kuma wanda ke gabansa ya karanta kowace takarda da ya taɓa rubutawa.

Shaihun ya tambayi mai muryar abin da yake nema. Muryar ta ce fata da fata. Duk inda ruwan ya taɓa tasa 'yar, sai ya taɓa wannan, kuma tasa har fuska ta ƙone, har cikin maƙogwaro. Sitti Nazira ta ƙanƙame Suhair, wani sauti ya fito daga ƙirjinta da ba kuka ba ne. Shaihun bai ɗaga murya ba. Ya tuna masa cewa shari'ar da ta ɗaure mutum ita ta ɗaure aljan, kuma a cikinta ba a kama 'ya da laifin uba. Ya ce in ya ƙi, zai ci gaba da karatu har ɗayansu ya faɗi, shi kuwa tsoho ne, ba shi da sauran abin da yake tattali. Ya ɗora hannu a bakin tulun ya koma karatu. Jikin Suhair ya sandare, bayanta ya lanƙwashe, duwatsu suka dinga zubowa daga rufi suna kewaye tabarmar, ba wanda ya shiga ciki.

"Tsaya," in ji muryar, tana haki. "To a ba ni hannun da ya rubuta."

Kafin Shaihun ya yi magana Sabri ya rarrafo ya miƙa hannunsa na dama, ya ɗora a kan tabarma a gaban 'yarsa. Bai janye ba. Idanun Suhair suka sauka a kansa, suka daɗe. Wani zafi ya fara taruwa a tafin, kamar an kusanto da garwashi, har gashin bayan hannun ya fara ƙauri. Sannan zafin ya ja da baya.

"Me zan yi da hannun tsoho? Ba zai mayar mata da fata ba."

Shaihun ya ce to ya faɗi abin da zai gyaru, ya bar abin da ba zai gyaru ba a hannun Allah. Da muryar ta amsa, a gajiye take. Ta ce tun ranar nan iyalinsa suna rakuɓe a bakin magudanar ruwa, cikin iska, da mai jinya. Akwai ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakalar ofis inda ake jibge karyayyun kujeru. A bar musu shi, a rufe, kada a sake buɗewa. A mayar da kwafin ƙarshe. A kuma faɗi wanda ya yi laifin da sunansa. Sabri ya yi sauri ya ce ya yi alkawari, ya rantse da Allah.

"Ba ma karɓar magana da baka, Ustaz Sabri. Ku kuka koya mana."

Sharaɗin shi ne a rubuta muzakkira, kowa a ofis ya gani ya sa hannu har mudir, a buga hatimi, a tura ta ƙarƙashin ƙofar kafin magaribar Alhamis. In ladan ya kira babu takarda, zai dawo, kuma ba ta hannu zai fara ba. Shaihun ya karɓi rantsuwarsa a kan haka, ya umarce shi ya fita ta ƙaramin yatsan ƙafa, kada ya taɓa ido ko kunne, ya kuma bar alama. Ƙafar Suhair ta hagu ta yi karkarwa, yatsan ya miƙe, sai tulun da ke gaban Shaihun ya tsage gida biyu, ruwa ya malale a tabarma. Yarinyar ta sulale a jikin uwarta. Can ta buɗe ido, da muryarta ta ce tana jin ƙishirwa.

Ranar Alhamis Sabri ya riga kowa zuwa ofis. Bai ba Madam Samiha mai buga tafireta ba, da kansa ya zauna ya jera takardu da kabon. A duk aikinsa bai taɓa rubuta muzakkira da ta ɗora laifi a kan wani mai suna ba, wannan ce ta farko, kuma sunan nasa ne. Ya rubuta cewa shi, Sabri Gharib, ya soke kwafin Sashen Ƙasa don neman yabo, ya sa aka zuba ruwan zafi ba sanarwa, aka cutar da wadda ba ta ji ba ba ta gani ba. Ya rubuta batun ɗakin da batun kwafin. Bai kira masinja ba, ya ɗauka ya fara zagayawa da ƙafarsa.

Madam Samiha ta karanta, ta sa hannu, ta ɗan matse masa hannun riga. Tsofaffin akawuna suka sa hannu suna kallon tebur. Magdi, wani matashi mai bakin tsiya, ya karanta da ƙarfi don a ji, ya ce, "Ustaz, su ma za a rubuta musu hutun shekara ne, ko sai sun kawo takardar likita?" Babu wanda ya yi dariya. Ya dubi fuskar Sabri, ya ga abin da kwanakin nan suka yi mata, ya ja alƙalami ya rubuta "na gani" da ƙananan haruffa.

Saura mudir, shi kuwa ya fita duba wata madatsa tun da safe. Aka tashi daga aiki, ofis ya watse, Sabri ya zauna a benci a ƙofar ofishinsa da takarda a cinya. La'asar ta yi, ta wuce. Inuwar taga ta tsallaka daɓe ta fara hawa bango. Yana jin ƙarar kowace mota tun daga nesa, kowacce ta wuce. Ya tuna wuyan Suhair, inda ƙunar ta tsaya, da ɗan tazarar da ya rage tsakaninta da fuska. Sai da hasken ya yi ja sannan motar ofis ta tsaya a waje.

Doktor Ra'uf ya karanta a tsaye, da ƙura a takalmansa. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya ce ya ji labarin rashin lafiyar yarinyar, yana kuma taya shi jaje, amma in takarda irin wannan ta kai Alƙahira da hatiminsa, shi za a mayar abin dariya. Sabri ya ce, "Yallaɓai, rana tana faɗuwa." Mudir ya ce hanya ɗaya ce, sai in fayil ya nuna cewa wanda ya rubuta ta ba shi da lafiya, an sa hannu ne don a lallashe shi, kuma ya nemi ajiye aiki da kansa. Sabri ya sa hannu a aljihun kwat ya fito da takardar ajiye aiki, bugaggiya, da sa hannunsa da kwanan watan ranar. Tun da asuba ya buga ta. Wanda ya tsufa a ofis ya san farashin kowane sa hannu. Mudir ya dube shi, ya dubi takardar, ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko hatimi.

Matakalar ƙasa ta riga ta yi duhu. Sabri ya gangara yana dafa bango, warin nan yana ƙaruwa da kowane taki. Ya tsaya a ƙofar ɗan ɗakin, ya ce "dastur" da muryar da shi kansa da ƙyar ya ji, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na tsufa ya fara tura kwafin ƙarshe. Takardar ta kai rabi, sai aka karɓe ta daga ciki, a hankali, yadda abokin aiki ke karɓar takarda daga hannunka.

Bai iya tashi ba. Yana nan durƙushe, yana jin motsin takarda a bayan ƙofa, ana karantawa layi-layi ba gaggawa. Daga nesa ladan ya fara kiran magariba. Sai ga takardar tana dawowa ta ƙarƙashin ƙofa, ta tsaya a gwiwarsa.

Ya hau da ita inda sauran haske yake. A layin ƙarshe, gaban Sashen Ƙasa, inda ake sa hannu, akwai tabon ƙuna, zanen ɗan yatsa ya fito sarai a ciki. Ba yatsan babba ba ne. Ƙarami ne ƙwarai, na yarinya, kuma an danna shi a karkace, irin na wadda aka riƙe wa hannu.

Da ya isa gida an kunna fitila. Suhair tana baranda an lulluɓe ta da bargo, uwarta tana ba ta romo da cokali. Tabon hannunta bai taɓa ɓacewa ba, da shi ta yi aikin koyarwa har ta tsufa, kullum cikin riga mai dogon hannu, kuma ba ta tuna komai daga kwanakin nan. Amma a yammacin, da ta ga ubanta tsaye a ƙofa da kwat ɗinsa duk ƙura a gwiwa, ta ɗan karkata kai wajen bango ta saurara.

"Baba," ta ce, "yarinyar nan ta yi barci."

Sabri ya rataye kwat ɗin a ƙusarta. Bai sake saka ta ba.